Kurakuran da aka fi yi wajen cire fenti daga daɓen siminti

Bara, ana saura mako biyu bikin ƙanwata, muka sa aka yi wa ɗakinta fenti a Tudun Wadan Zariya. Mai fentin ya gyara bango tsaf, amma bai shimfiɗa komai a ƙasa ba. Da ya tafi, sai ga daɓen ya zama kamar jikin zabuwa, ɗigon fari a tsakiya, shuɗin fenti mai mai a gindin ƙofa da taga. Na ɗauko ragowar tina, wato ruwan tsinka fenti, da ya bari a galan, na kwarara a kan shuɗin, na hau dirza da tsumma. Ɗigon da bai fi girman kwabo ba ya buɗe ya zama tabo kamar faifai. Kawuna, wanda ya daɗe yana aikin gini, ya leƙo ya gani, ya girgiza kai ya ce: "Ɗana, ai siminti yana sha. Ka narka masa fenti ne, ka ba shi ya shanye." Tabon yana nan har yau a ƙarƙashin gado.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Ido yana ganin daɓe sumul kamar tangaran, alhali cike yake da ƙananan ƙofofi. Fentin da ya bushe a sama yake zaune, to da zarar an tsinka shi da tina mai yawa, sai ya bi ƙofofin nan ya nutse inda burushi ba ya kaiwa. Abin da ya kamata shi ne a fara kankarewa tun yana busasshe, da faffaɗan ƙarfen nan da masu fenti ke kira sikirafa, a kwantar da bakinsa a riƙa turawa. Sau da yawa ɗigo mai kauri ɓallewa yake yi ɗungurungum. Sauran da ya maƙale shi ake sa wa tina, kaɗan a bakin tsumma, ana dangwalawa daga gefe zuwa tsakiya, ana sauya tsumman da zarar ya ɗauki launi. Idan kuwa an riga an yi irin ɓarnar da na yi, a kwaɓa tina da tankaɗaɗɗiyar toka ko garin alli ya yi kauri kamar kunu, a lafta a kan tabon, a rufe da leda, a danne gefenta da duwatsu. Tinar za ta narka fentin, tokar kuma ta zuƙo shi sama. Idan ta bushe a share, a sake. Yakan ɗauki zagaye biyu ko uku, kuma tabon yana yin haske sosai ko da bai ɓace ƙurmus ba.

Kafin ma a kai nan, mutane da yawa ba sa tsayawa su gane wane irin fenti ne ya zuba. Na bango galibi na ruwa ne, wato emolshan. Na ƙofa da taga da ƙarafuna kuwa mai mai ne, shi ne mai ƙyalli. Gwajin ba shi da wuya. A sayo sifirit a kemis, a jiƙa auduga a goga. In fentin ya yi laushi ya bi audugar, na ruwa ne, kuma ba ya buƙatar wani sinadari mai tsada. Ruwan zafi da omo, a shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu ko tsohon zani a kai na tsawon awa guda, sannan a bi da burushin waya. Na ga wanda ya je har kasuwar Sabon Gari ya kashe kuɗi a kan gwangwanin maganin cire fenti saboda emolshan da ruwan zafi zai iya ɗagawa.

Sai fetur. Nan nake roƙon mai karatu ya saurare ni da kyau, domin wannan ya wuce maganar daɓe. Fetur yana kusa da hannu, akwai shi a janareta da babur, kuma yana narka fenti mai mai, shi ya sa ake saurin ɗauko shi. Tururinsa ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama ya fice ta taga, ƙasa-ƙasa yake bi, ya ratsa ta ƙarƙashin ƙofa ya fita tsakar gida. A gidajenmu kuwa da wuya a rasa wuta a tsakar gida: risho, ko gas, ko kurfoti da garwashi, ko kaskon turaren wuta da aka ajiye a bakin ƙofa. Ko tartsatsin makunnin lantarki ya isa. Mai dirzar yana durƙushe a tsakiyar tururin, hannunsa jiƙe da fetur. Kada a yi amfani da shi, ko kaɗan. Ita ma tinar tana kamawa, don haka kafin a buɗe galan a faɗa wa matan gida a kashe wuta, a buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da yara. Tsummokaran da aka yi aiki da su a baza su a waje su bushe, kada a dunƙule su a lungu.

Wani abin da ya zama ruwan dare shi ne asid, irin wanda masu tayil ke wanke ragowar siminti da shi, har ma akwai masu zuba ruwan batir. Tunanin shi ne tunda yana da ƙarfi, zai ci fenti. Asid siminti yake ci, fenti kuwa kusan ba ya kula shi. Sai ka ga daɓe yana kumfa yana tafasa a kewayen ɗigon, a ɗauka aiki yake yi, bayan an wanke fentin na nan daram, sumul ɗin daɓen kuma ya tafi, ya koma garas-garas yana fitar da yashi duk lokacin da aka yi shara. A jan daɓe abin ya fi muni, domin launin a fatar sama yake, wurin sai ya koɗe. Mafi haɗari kuma, wasu sukan biyo bayan asid da Hypo ko Jik don wurin ya yi fari. Haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, a rufaffen ɗaki tana iya kai mutum asibiti. In an riga an zuba asid, a wanke da ruwa mai yawa, a bi da ruwan kanwa ko bakar hoda don ya kashe ragowarsa, a sake ɗaurayewa.

Idan daɓen gaba ɗaya aka shafe da fenti mai mai, kamar yadda ake yi wa baranda ko shago, abin da ke cin sa shi ne sodar nan da mata ke haɗa sabulu da ita. Kamar kofi guda a lita 4 na ruwan sanyi, cikin bokitin roba. Sodar ake zubawa a cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kanta, saboda tana ɗaukar zafi tana fantsama. Kada a haɗa a tukunyar alminiyam, tana cin ta. A ɗan kaurara da damammen sitaci don ta zauna a kan fentin. Duk wadda ta taɓa yin sabulu ta san yadda soda ke ƙona fata, saboda haka safar hannu ta roba mai kauri da tabarau da takalmin roba wajibi ne. In ta fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 20, sannan a wuce asibiti ba tare da jira ba. Mai son na gwangwani kuma ya karanta jikinsa. Akwai masu ɗauke da sinadarin metilin kulorayid, wanda Amurka ta hana sayar wa jama'a don cire fenti a 2019 bayan ya kashe mutane a rufaffun wurare.

Ko soda ko na gwangwani, gaggawa ce ke ɓata aikin. A shafa, bayan minti biyar a fara kankara, a ce maganin jabu ne. Sai an bar shi ya jiƙa har fentin ya yamutse kamar fatar tsohuwar ganda. A Zariya kuma yanayi yana da nasa hukuncin: iskar hunturu da zafin bazara suna busar da abin da aka shafa kafin ya ratsa. A yi aikin da sassafe, a rufe da leda, a ɗauki ɗan yanki a gama da shi kafin a matsa gaba.

Guduma da kurfi ba nasu ba ne wannan aiki. Gara ɗigon fenti da rami a daɓe.

Akwai kuma masu ɗauko injin gurza ko samfefa su bi tsohon fenti a bushe, ɗaki ya turnuƙe. An sha samun dalma a cikin fenti mai mai, musamman rawaya da ja. Mu a Arewa mun san abin da dalma ke yi: a 2010 gubarta ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara, ta hanyar ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ta fenti ba ta kai wannan yawa ba, amma hanyar shigarta ɗaya ce, ƙura a ƙasa, yaro mai rarrafe ya dafa ya kai hannu baki. Ƙurar simintin ma tana lahanta huhu. In gurzar ta zama dole, a jiƙa wurin, a sa takunkumi mai kyau, mai juna biyu da yara su bar sashen. Bayan an gama a goge da jiƙaƙƙen tsumma, domin tsintsiya tayar da ƙurar kawai take yi.

Ruwan wankin ma abin lura ne. Gidaje da yawa a cikin birni da Tudun Wada da Samaru da rijiya suke sha, wata ma a tsakar gida take. Dagwalon fenti da soda a kwashe shi da sikirafa a zuba a tsohon gwangwani, a tsane sauran da garin katako, a bari ya bushe a kai bola. Kada a kore shi da ruwa ya bi ta gefen rijiya ko inda kaji da awaki ke sha.

Daga nan sai a ba daɓe lokaci ya bushe kafin a shimfiɗa ledar ɗaki ko kafet ko a sake fenti, musamman da damina. Kawu ya nuna mini yadda ake ganewa. Ya yanko leda kamar faɗin dardumar yaro, ya manne gefenta huɗu da salatif a tsakiyar ɗakin, ya ce kada a taɓa sai gobe war haka. Da muka ɗaga, cikinta ya yi gumi, simintin ƙarƙashinta ya yi duhu. Ya ce a ƙara kwana uku, tagogi a buɗe. Ranar da muka ɗaga ta a bushe, ranar 'yan jere suka shigo da kaya.