Yadda za ki bi makon zaɓen sorority a jami'ar Amurka

Ƙanwata, fara da tambayar kuɗi. Sorority, wato ƙungiyoyin 'yan matan nan na jami'a masu sunaye da haruffan Girka, suna karɓar kuɗin zama mamba duk zango, don haka ki nemi adadin a rubuce tun kafin ki yi rajista.

Ƙungiyoyi 26 ne a ƙarƙashin inuwar National Panhellenic Conference. A jami'o'in kudu kamar Alabama, cikin Agusta ake yin makon zaɓen sababbin mambobi, kafin a fara darasi, ga rana kamar ta Sakkwato. Ni takalmi mara tudu na sa, na riƙe gorar ruwa.

Da farko za ki zaga duk gidajen ƙungiyoyin, daga nan kullum suna raguwa: kina tantance su, suna tantance ki. Da kin fito daga gida, rubuta sunan wadda kuka zanta da ita, in ba haka ba fuskokin za su cakuɗe miki. Na gaya musu ƙarara ba na shan giya, kuma da ɗankwalina zan riƙa zuwa. Yadda suka amsa shi ya nuna min gidan da zan iya zama.

Daren ƙarshe za ki jera zaɓinki ki sa hannu. Kar ki rubuta gidan da ba ki so, domin in ya gayyace ki kika ƙi, sai zaɓen baɗi.