Yadda za ka sauka da ƙaramin jirgi a filin gona ba tare da wayar wuta ta kama ka ba

Abu na farko da ya kamata ka sa a ranka shi ne, daga sama da ƙyar ake ganin wayar wuta. In kana ƙasa ka ɗaga kai za ka ganta ɓaro-ɓaro saboda sararin sama ne a bayanta, amma in kana cikin jirgi kana gangarowa to abin da ke bayanta gona ce ko jar ƙasa ko itatuwa, sai ta saje da su tsaf. Ga kuma gudu. Ƙaramin jirgi irin Cessna 172 yana zuwa sauka da gudun wajen kilomita 120 a awa, wato mita 33 kenan a duk sakan ɗaya, in sai da ya rage mita 100 ka hango wayar to sakan uku gare ka, a ciki za ka gane mene ne, ka yanke shawara, ka tura maƙura, jirgin kuma ya amsa. Ba za su isa ba wallahi.

A manyan filaye kamar na Malam Aminu Kano an auna komai, an sa a taswira, kuma kafin a kafa dogon ƙarfe a kusa sai an nemi izinin tsayi daga NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya. Filin da mutum ya share a gonarsa, ko wanda masu feshin tsuntsayen jan baki ke sauka a kai na ɗan lokaci, ba mai tsare masa wannan. Ko a Amurka dokar FAA, hukumar jiragen samansu, ta fi kula da filayen da jama'a ke amfani da su da kuma abin da ya haura ƙafa 200, wajen mita 61. Falwayar da muka sani ta layin 11kV ko 33kV ko kusa da haka ba ta kai ba, don haka kar ka sa ran ganinta a taswirar tuƙi.

Aikin daga gida yake farawa. Kira mai filin, amma kar ka ce masa "akwai waya?" don zai ce maka babu, ba ƙarya yake ba, kullum yana wucewa ta ƙarƙashinta har idonsa ya daina ganinta. Tambaye shi ta ina wuta ke shigowa gidan gonar, ina taransifoma take, akwai famfon burtsatse mai aiki da lantarki a kusa, an ja sabon layi tun zuwanka na ƙarshe? Sai ka buɗe Google Earth, manhajar da ke nuna hoton ƙasa daga sama, ka duba, wayar ba lallai ta fito ba amma inuwar turaku tana fitowa a jere, sai dai ka duba kwanan watan hoton don wani ya yi shekaru. Na taɓa tsayawa a ƙarshen wani fili da yamma ina ta kallo ban ga komai ba, sai da wasu kurciyoyi suka zo suka zauna a sararin Allah kamar an rataye su, a nan na gane ashe maƙwabci ya ja siririyar waya zuwa famfonsa, turke ɗaya a bayan darbejiya ɗayan kuma can a jikin katanga. Shi mai filin ma ya manta da ita.

Lissafin ba wuya. Gangarowar da aka saba kusan digiri 3 ce, wato duk mita 20 da ka ci gaba kana sauka mita ɗaya. To ka ninka tsayin wayar sau 20. In tsayinta mita 10 ne kuma tana mita 200 daga inda za ka dira, kai da ita daidai kuke, ba ko tazarar taku ɗaya. Duk wayar da ta fi haka kusa ta riga ta shiga hanyarka, ko dai ka matsar da wurin dirarka gaba in filin yana da tsawo, ko ka shigo ta ɗaya ɓangaren in iska ta yarda, ko ka haƙura da filin gaba ɗaya, kuma haƙurin nan ba abin kunya ba ne.

Da ka iso kar ka zarce da sauka kai tsaye ko da ka san wurin kamar yunwar cikinka. Zagaya tukuna a sama, kamar ƙafa 1,000, sannan ka sake wani zagayen ƙasa da haka amma sama da duk abin da zai iya tsayawa a wurin. Kar ka nemi waya, nemi abin da ke riƙe da ita da abin da take ciyarwa. Turke, taransifoma, gida mai kwano a tsakiyar daji, injin niƙa, hanyar mota, layin da aka sassare itatuwa ya miƙe sak. In ka ga turke ɗaya to yana da ɗan uwa, nemo shi, ka ja layi tsakaninsu a kanka, kuma ka duba ko akwai reshen da ya ɓalle gefe. Ƙarfen sabis da eriyar rediyo ma wasu suna da wayoyin ɗauri da suka baje nesa da gindinsu, sun ma fi na wuta wuyar gani. A Ostireliya akwai wani layi da ake kira SWER, waya ɗaya tak ce kuma tazarar turakunta kan kai ɗaruruwan mitoci, ita ce ke wahalar da matuƙan feshi a can. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasar, ATSB, ta gano cewa mafi yawan matuƙan feshin da suka bugi waya sun san da ita tun kafin su buge ta. Ni wannan ne ya fi ba ni tsoro, wato ba rashin sani ba ne, mantuwa ce, hankali ya tafi kan iska ko shanun da suka shigo fili ko fasinja mai surutu. Shi ya sa in ka juyo za ka sauka ka faɗa da bakinka a fili, "waya a gaba, bayan bishiyar kuka", kar ka sauko sai ka ga ta wuce ta ƙarƙashinka, fasinja kuma ka ba shi aikin nuna maka turke da yatsa, in ba haka ba ya yi shiru.

In dole sai ka tsallaka layi, tsallaka ta kan turke, nan ne ka san iyakar tsayin. Manyan layukan 132kV da 330kV suna da siririyar waya a can ƙololuwa da ke kare su daga aradu, masu kaurin nan da ka hango suna ƙasa da ita, mutum sai ya ɗauka ya haye alhali ita yake tunkara. Bi ta ƙarƙashin waya kuma kar ma ka fara, da zafi tana saki tana yin ƙasa, ga jelar jirginka a tsaye.

Sauka kana fuskantar rana da hantsi bai ɗaga ba ko dab da magariba, ko cikin hazon hunturu, ko gilashin gaba duk ƙura da ƙwari, duk suna cinye maka sakan ukun nan. Goge gilashi kafin ka tashi. In kuma saukar ba ta zauna maka ba ka fasa ka koma sama da wuri, don wayar da ke ɗaya ƙarshen filin tana jiran wanda ya makara. Haka wajen tashi, littafin jirginka yana ba ka nisan da kake buƙata ka haye abu mai ƙafa 50, amma ka karanta layin da ya dace da zafin ranar da nauyin kayanka da tsayin wurin daga teku, jirgin da ya tashi cak da sanyin asuba ba shi ba ne da azahar a watan Afrilu ana digiri 40, balle a kan ciyawa ko rairayi.

Kai kuma mai fili, abin da ya fi shi ne a binne guntun layin da ya ratsa bakin filin ko a kauda shi gefe. In kuɗi bai kai ba a rataya ƙwallayen alama. Ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta ce faɗin ƙwallo kar ya gaza santimita 60, kuma masu wannan girman kar tazararsu ta wuce mita 30, ana cakuɗa fari da ja ko ruwan lemo. Kamfanin wuta ne zai rataya, kar ka tura yaron gona da tsani don Allah. Launin yana koɗewa a rana, a riƙa dubawa. Kuma duk wanda zai zo ka aika masa hoto da zanen inda wayar take ta WhatsApp tun kafin ya taso.

In ƙaddara ta faɗa, Allah Ya kiyaye, jirgi ya tsaya da waya a kansa ko kusa da shi, ka ɗauka da wuta a jikinta. Kar ka ce ai an ɗauke wuta tun jiya, ana iya dawo da ita ko yaushe, kuma janareton wani ma yana iya turo wuta baya cikin layi. In ba gobara kashe mai da makunni ka zauna a ciki har ma'aikatan wuta su tabbatar sun yanke. In gobara ta tashi sai ka yi tsalle ka dira da ƙafafu a haɗe, kar ka taɓa jirgi da ƙasa lokaci ɗaya, sannan ka ja ƙafa a hankali ba tare da ka raba su ba har ka yi nisa. Mutanen gari za su rugo da gudu don su taimaka, ɗaga murya ka tsayar da su aƙalla mita 10 daga wayar, musamman yara. Bayan an natsu a sanar da hukumar bincike, a Najeriya NSIB ce, kuma kar a taɓa jirgin sai sun ba da izini.