Kurakuran saita DNS a kwamfutar da ke kan netwok na cikin gida, da yadda ake gyara su

Matsalar takan zo da siffa ɗaya: intanet na aiki lafiya ƙalau, amma kwamfuta ta ƙi gano sabar fayiloli ko firintar ofis da sunanta. Kafin a taɓa komai, sai a gwada `ping`, umarnin da ke duba ko na'ura na amsawa, da adireshin IP na sabar, misali 192.168.10.5, sannan a gwada da sunanta. Idan lambar ta amsa amma sunan ya ƙi, to waya da rauta ba su da laifi. Matsalar DNS ce, wato tsarin da ke juya suna zuwa adireshin IP: kwamfutar ce ke tambayar wanda bai san sunan ba.

Sa 8.8.8.8 a matsayin sabar DNS ta biyu

Wannan shi ne babban kuskuren, kuma da kyakkyawar niyya ake yinsa. Mai saiti yakan sa sabar cikin gida a gurbin farko, ya sa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare a na biyu, wai don ko da ta farkon ta mutu. Tunaninsa shi ne, idan ɗaya ba ta san suna ba za a tambayi ɗayar. Ba haka abin yake ba. Kwamfuta na komawa ga ta biyu ne kawai idan ta farko ta yi shiru ko ta kasa aiki. Amsar "babu wannan suna", wadda ake kira NXDOMAIN, cikakkiyar amsa ce a wurinta, za ta karɓa ta tsaya nan.

To duk ranar da sabar cikin gida ta ɗan yi jinkiri, sai tambayar ta faɗa hannun Google, wanda bai taɓa jin labarin `fayiloli.ofis.internal` ba. Zai ce babu, kwamfutar ta adana wannan "babu" na ɗan lokaci, kuma tana iya ci gaba da fifita wanda ya amsa mata. Abin da ya sa matsalar ke zuwa tana tafiya ke nan, yau lafiya gobe babu, har mai gyara ya fara zargin kebul. A inda ake amfani da Active Directory, tsarin Microsoft na kula da asusun masu shiga da kwamfutocin ofis, ɓarnar ta fi haka, domin ta bayanan SRV irin su `_ldap._tcp.dc._msdcs` kwamfuta ke gano sabar da ke tantance masu shiga. Sai ka ga shiga ta ɗauki mintuna, ko dokokin Group Policy, wato saitin da ake tura wa kwamfutoci daga sabar, su ƙi sauka.

Gyaran: kwamfutocin ciki su san sabobin ciki kaɗai. Idan ana son madadi, a kafa sabar ciki ta biyu. Adireshin Google ko Cloudflare a kan ita sabar DNS ɗin ake sa shi, a jerin waɗanda take tura wa tambayoyin da suka shafi waje.

Rubuta saiti da hannu a kowace kwamfuta

DHCP, tsarin da ke ba kwamfutoci saitin netwok da kansa, na raba adireshin sabar DNS ta zaɓi na 6, sunan yanki (irin `ofis.internal`) ta zaɓi na 15. A gyara a can sau ɗaya, sannan a yi `ipconfig /renew`. Laftof ɗin da aka rubuta wa adireshin sabar DNS ta ciki, misali 192.168.10.2, da hannu, da zarar ta bar ofis ba za ta buɗe shafi ko ɗaya ba, domin adireshin ciki ne, ba a isa gare shi daga waje. Idan kuma `ipconfig /all` ya nuna adireshi mai farawa da 169.254, kwamfutar ba ta samu DHCP ba sam, ba maganar DNS ake yi ba tukuna.

Gyara `/etc/resolv.conf` kai tsaye a Linux

Mutum zai gyara fayil ɗin, komai ya daidaita, da an sake kunna kwamfuta ya koma yadda yake. A Ubuntu da ire-irensa systemd-resolved ne ke rubuta shi, shi ya sa ake ganin 127.0.0.53 a ciki. Ainihin sabar da ake tambaya `resolvectl status` ne ke nuna ta. Canji mai ɗorewa ta NetworkManager ake yinsa: `nmcli con mod "sunan-haɗi" ipv4.dns 192.168.10.2 ipv4.ignore-auto-dns yes`, sai a sauke haɗin a sake ɗaga shi. Inda kuwa fayil ɗin ne ke aiki da kansa, layukan `nameserver` uku na farko kaɗai ake karantawa, kuma ana jiran kowace sabar daƙiƙa 5 kafin a wuce ta. Mataccen adireshi a layin farko na nufin jinkirin daƙiƙa 5 a kusan kowace tambaya.

Ƙirƙirar ƙarshen suna da ka

Da yawa sun raɗa wa yankinsu `.local`, alhali tun 2013 an keɓe shi ga mDNS, tsarin da na'urori ke sanar da kansu ba tare da sabar ba. Kwamfutocin Apple da Linux da dama za su watsa tambayar a netwok maimakon su kai ta ga sabarka. Waɗanda suka ɗauki `.dev` su ma sun ji jiki, domin na Google ne, kuma burauza ba ta yarda ta buɗe shi sai ta HTTPS. Ga netwok na gida akwai `home.arpa` da aka tanada a 2018, ICANN, hukumar da ke kula da sunayen yanki na intanet, kuma ta keɓe `.internal` a 2024. Kamfanin da ya mallaki suna na gaske, mafi alheri ya yanki reshe daga cikinsa don amfanin ciki.

Yarda da `nslookup` fiye da kima

Umarni ne mai amfani, amma ba ta hanyar da sauran manhajoji ke bi yake bi ba. Kai tsaye yake tambayar sabar DNS, ba ya duba fayil ɗin hosts, wato jerin sunaye da adireshinsu da ke cikin kwamfutar kanta, ba ya duba abin da kwamfuta ta adana. Saboda haka yana iya ba ka amsa daidai alhali burauza na zuwa wani wuri dabam. Idan amsarsa ta saɓa da ta `ping`, a buɗe `C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts` ko `/etc/hosts`. Sau da yawa akwai tsohon layi da wani ya sa don gwaji ya manta, kuma wannan layin yana gaba da duk abin da sabar za ta faɗa. Bayan nan a share ajiyar: `ipconfig /flushdns` a Windows, `resolvectl flush-caches` a Linux, `sudo killall -HUP mDNSResponder` a Mac. Sai dai sharewar ta kwamfutarka ce kawai. Sabar da ke tsakiya za ta riƙe tsohuwar amsa har wa'adin TTL, wato tsawon lokacin da aka yarda a adana amsa, ya cika, don haka mai shirin sauya adireshin sabar ya rage TTL zuwa daƙiƙa 300 tun kafin ranar.

Burauza da VPN

Firefox da Chrome suna iya aika tambayoyinsu na DNS ta HTTPS a ƙofa ta 443, su tsallake saitin kwamfuta gaba ɗaya. Idan sunan ciki na aiki a ko'ina ban da burauza, a duba wannan saitin a sashen tsaro, a kashe shi ko a ware yankin ciki. Da VPN kuwa, wato ɓoyayyen haɗin da ke kai kwamfuta cikin wani netwok daga nesa, tambayar ita ce wane haɗi ke riƙe da wane yanki. `Get-DnsClientNrptPolicy` a PowerShell da `scutil --dns` a Mac za su nuna. Idan ɗan gajeren suna kamar `fayiloli` ya ƙi amma cikakken sunan ya yi, to ƙarshen sunan yanki ne VPN bai turo ba.

Buɗe UDP kaɗai a katangar tsaro

DNS na amfani da ƙofa ta 53 ta UDP da TCP duka, wato hanyoyi biyu na aika bayanai a netwok. Idan amsa ta yi wa UDP girma, sabar na datse ta ta sa alama, sai kwamfuta ta sake tambaya ta TCP. An toshe TCP, ƙananan amsoshi za su wuce, manya su maƙale. A gwada da `dig +tcp @192.168.10.2 fayiloli.ofis.internal`, idan ya tsaya yana jira har lokaci ya ƙure, a ƙara doka ta TCP 53 tsakanin kwamfutocin da sabar.