Kurakuran da aka fi yi wajen nazarin ofareta a sararin Hilbert

Akasarin kurakuran da ɗaliban lissafi ke yi idan suka shiga nazarin ofareta (tsarin da ke karɓar vekta ya mayar da shi wani vekta) tushensu ɗaya ne, wato sabo da matiris. Ɗalibi ya shafe shekaru yana aiki da jadawalin lambobi mai layi uku ko huɗu, sai ya ɗauka duk abin da ya tabbata a can zai tabbata a sararin Hilbert, wato sararin vekta da ake iya auna tsawo da kusurwa a cikinsa, inda fuskoki kan zama marasa iyaka.

Wanda ya fi yawa shi ne ɗaukar cewa sipektiram (lambobin λ da A − λ ba shi da kishiya mai iyaka, ga ofareta A) tarin ƙimomin aigen ne kawai, wato lambobin λ da ke ba da Ax = λx ga wani x da ba sifiri ba. A duba ofaretan turawa S, wanda ke karɓar jerin (a₁, a₂, a₃, …) ya mayar da shi (0, a₁, a₂, …). Idan aka ce Sx = λx, gurbin farko zai tilasta λa₁ = 0, daga nan kowane gurbi ya bi sahu ya zama sifiri, saboda haka S ba shi da ƙimar aigen ko ɗaya. Amma sipektiram ɗinsa shi ne dukkan lambobi λ da girmansu bai wuce 1 ba. Gyaran shi ne a riƙa tambayar ko S − λ yana da kishiya mai iyaka da ke warware aikinsa; ofareta mai iyaka shi ne wanda ba ya ninka girman vekta fiye da wani adadi tsayayye. Wannan misalin yana kuma nuna cewa S*S = I (S* shi ne abokin S da ke cika ⟨Sx, y⟩ = ⟨x, S*y⟩, ⟨x, y⟩ ninkin ciki ne na vekta biyu, I kuma ofaretan da ba ya canza komai), alhali SS* yana share gurbin farko, abin da ba ya faruwa da matiris mai layi da ginshiƙi daidai.

Na biyu ya fi ɓarna a ganina, domin yana ɓuya a cikin hujjar da ta yi kama da ingantacciya: manta yankin aiki, wato tarin vektocin da ofaretan ke iya karɓa. Ofaretan d/dx ba shi da iyaka, tun da sin(nx) ba ya ƙara girma amma d/dx na ninka girmansa sau n. Ƙa'idar Hellinger da Toeplitz ta ce duk ofaretan da ke cika ⟨Ax, y⟩ = ⟨x, Ay⟩ a kan sararin gaba ɗaya dole ne ya zama mai iyaka, don haka marar iyaka da ke cika wannan sharaɗi yana aiki ne a wani ɓangare kawai. John von Neumann ya fayyace cewa cika wannan sharaɗi bai isa a ce A = A* ba, sai yankunan aikinsu sun zo daidai. A rubuta yankin tun kafin a fara lissafi.

Akan kuma ci karo da mai neman ofareta biyu masu iyaka da za su ba da AB − BA = I, dangantakar da ke cikin kimiyyar kwantum. Babu su, kuma Helmut Wielandt ya kawo gajeriyar hujja kan haka a 1949.

A aljabarar ofareta kuwa, kada a ce tari "rufaffe" ne ba tare da faɗin irin kusantar da ake nufi ba. Aljabarar C* tana rufe ne a ma'aunin girma, ta von Neumann kuma a kusanta mai rauni. Ofaretocin kompakt (waɗanda ake iya kusanta a ma'aunin girma da ofareta masu ƙayyadaddun fuskoki) rufaffu ne a ma'aunin girma, amma idan aka rufe su a kusanta mai rauni sai su ba da dukkan ofareta masu iyaka.