Yadda ɗalibin tsaron intanet a Abuja zai shirya wa aiki tun yana jami'a

Kwas ɗin tsaron intanet ya samu karɓuwa sosai a 'yan shekarun nan. A sabon kundin manhajar karatu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fitar a ƙarshen 2022, an ware shi a matsayin digiri mai zaman kansa a cikin fannin kwamfuta. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana cikin waɗanda suka daɗe da sashensa, a nan Abuja kuma Jami'ar Nile tana koyar da shi. Abin da ke damuna shi ne yadda ƙannenmu da yawa ke gama shekara huɗu ko biyar da sakamako mai kyau, amma idan aka ajiye musu kwamfuta aka ce su nuna abin da suka iya, sai a ga gumi. Ma'aikatar da za ta ɗauke ka tana so ta ga aikin hannunka, kuma tana so ta tabbata za ta iya ba ka amanar bayananta. Ga yadda za ka gina waɗannan biyun tun daga aji ɗaya.

Da farko ka samu kwamfutar kanka. Ba sai sabuwa ba. Ta hannu da ake sayarwa a Banex da ke Wuse 2 ta isa, muddin RAM ɗinta ya kai gigabait 8, in da hali 16, kuma batirinta yana riƙe caji, don ka san halin wutarmu. Kada ka biya kuɗi sai ka kunna ta a gaban mai shago, ka duba da idonka abin da ke cikinta, kuma ka tafi da wanda ya san kaya. Idan kana Jami'ar Abuja a Gwagwalada kana karanta ilimin kwamfuta ne kawai, kada ka ce an bar ka a baya. Da yawa daga masu wannan sana'a ta nan suka biyo.

Shekarar farko ta tushe ce, kuma a nan ne yawancin ɗalibai ke gajen haƙuri. Kowa so yake ya fara da kutse. Amma wanda bai san yadda kwamfutoci ke magana da juna ba, ba zai gane inda aka yi musu shigar sauri ba. Ka koyi adireshin IP, da yadda DNS ke mayar da sunan shafi zuwa lamba, da bambancin TCP da UDP. Cisco Networking Academy tana da darussan share fage kyauta. Ka saba da Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta irin Windows, har ka iya yawo a cikinsa ta hanyar rubuta umarni kaɗai. Wasan Bandit na shafin OverTheWire yana koyar da wannan mataki-mataki, kuma ba ya cin data sosai. Sai ka ɗora da yaren rubuta manhaja na Python, gwargwadon yadda za ka rubuta ɗan shirin da zai karanta fayil mai layi dubbai ya tsamo maka abin da kake nema.

Daga nan sai ka gina ɗakin gwajinka a cikin kwamfutar. Ka sauke VirtualBox, manhajar kyauta da ke ba ka damar kunna wasu kwamfutoci a cikin taka, ka kafa Kali Linux, nau'in Linux na masu gwajin tsaro, a ciki, ka kafa Metasploitable a gefensa, wato na'urar da aka gina da gangan cike da ɓaraka don masu koyo. Ka saita su yadda za su ga juna amma ba za su fita intanet ba. Ga gwajin da nake so kowane ɗalibi ya yi a makon farko: ka buɗe Wireshark, manhajar da ke nuna bayanan da ke wucewa tsakanin na'urori, a Kali, ka shiga Metasploitable ta FTP, tsohuwar hanyar tura fayil, da suna da kalmar sirri, sannan ka koma Wireshark ka bi sawun hirar. Za ka ga kalmar sirrin da ka rubuta a fili, harafi bayan harafi, ba wani rufi. Ka sake shiga ta SSH, hanyar da ke ɓoye bayanai, ka duba, sai ka tarar da tarkacen da ba ya karantuwa. Abin da malami ya yi ta bayani a allo kan ɓoye bayanai, a wannan minti goman zai zauna maka daram. Bayan haka ka shiga shafukan gwaji irin TryHackMe ko picoCTF, sannan PortSwigger Web Security Academy idan tsaron shafuka ne ya ja hankalinka.

A nan zan ja kunne, kuma da gaske nake. Duk abin da ka koya, a kan na'urarka ko a shafin da aka tanada don gwaji za ka yi shi. Ba shafin rajistar makarantarku ba, ba wayar abokin ɗakinka ba, ba intanet ɗin maƙwabci ba. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri ko tara ga wanda ya shiga na'urar wani ba da izini ba. Da zarar an san ka iya kwamfuta, za a fara zuwa: wannan yana so ka buɗe masa WhatsApp ɗin budurwarsa, wancan yana da wata “harka” da za a raba riba. Ka ce a'a tun ranar farko, ko da ɗan uwanka ne. Bankuna da hukumomi suna bincikar tarihin mutum kafin su miƙa masa makullin bayanansu, kuma suna ɗaya da ya shiga takardun EFCC ya isa ya rufe ƙofar.

Ka riƙa rubuta duk abin da ka yi. Kowane gwaji, shafi ɗaya: me ka tarar, ta yaya, wace illa zai iya jawowa, yaya za a toshe shi. Ka ajiye su a GitHub, shafin da masu harkar kwamfuta ke ajiye ayyukansu don a gani. Rabin wannan aiki rahoto ne ga shugaban da bai san kwamfuta ba, don haka gwada yi wa Baba ko Inna bayanin saƙon nan na ƙarya da ke cewa an rufe asusunsu sai sun turo lambar BVN. Idan suka gane har suka daina amsa irinsa, to ka iya bayani.

Lokacin SIWES, wato horon sanin makamar aiki a ma'aikata wanda ɗalibai ke kira IT, shi ne babbar damar ɗan Abuja, kuma a nan ake yawan yin sakaci. Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta NITDA tana nan, da Galaxy Backbone mai kula da hanyoyin sadarwar gwamnatin tarayya, da Hukumar Sadarwa ta NCC, da Hukumar Kare Bayanai ta NDPC da dokar 2023 ta kafa, ga Babban Banki, ga kamfanoni masu zaman kansu da ke yi musu aiki. Ka fara kai takarda wata uku ko huɗu kafin lokaci, kuma ka kai wurare da yawa. Idan an karɓe ka, kada ka zama mai sa hannu a littafi ya tafi. Ka nemi a zaunar da kai kusa da masu sa ido kan na'urori, ko da aikinka jan waya ne da saita firinta. A can za ka ga yadda ainihin aikin yake: mutum zaune gaban allo yana bin gargaɗi ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu ba komai ba ne, har ya ci karo da asusun ma'aikacin da aka shiga da ƙarfe uku na dare daga wata ƙasa. Wannan aikin sa ido shi ne ƙofar da yawancin sababbi ke shiga ta ita.

Ba kowa ne zai zama mai gwajin kutse ba, kuma 'yan'uwana mata da ke ganin fannin na maza ne su lura da wannan: babu reshen da aka keɓe wa wani. Akwai binciken na'ura bayan an yi ɓarna, akwai kuma ɓangaren bin doka, wanda ke buɗewa sosai. Dokar kare bayanai ta wajabta wa ma'aikata ta sanar da NDPC cikin awa 72 idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan, kuma ana neman waɗanda suka fahimci dokar da na'urar a lokaci guda. Ka karanta dokar da kanka.

Maganar satifiket kuwa, kada ka ci bashi dominta. Security+ na CompTIA da CC na ISC2 sun dace da mai farawa, amma da dala ake lissafin kuɗin jarrabawa, don haka ɗaya ya isa kafin ka gama. Ka riƙa duba sanarwar shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta ƙaddamar a 2023, domin tsaron intanet yana cikin fannonin da yake horarwa.

A shekarar ƙarshe ka zaɓi aikin binciken da za ka iya kunnawa a gaban mutane, misali tsarin da ke tattara bayanan shiga daga kwamfutoci uku ya yi gargaɗi idan an yi ta gwada kalmar sirri ba daidai ba. Takardar neman aikinka ta zama shafi ɗaya, adireshin GitHub a sama. Kafin ka tafi sansanin bautar ƙasa, ka koma wurin da ka yi SIWES ka gaishe da wanda ya kula da kai, ka nemi izinin sa sunansa cikin masu ba da shaida a kanka, kuma ka tambaye shi ko sun san wata ma'aikata a jihar da aka tura ka da ke buƙatar ɗan bautar ƙasa a sashen kwamfuta.