Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a binciken muhalli, da yadda za a gyara su

Duk lokacin da aikin furojet ya kama, ɗalibai kan zo mini da take irin "Tasirin sauyin yanayi a Arewacin Najeriya". Yaro yana da wata shida, da ɗan guzirin da iyaye suka haɗa masa, amma ya ɗauko jihohi 19 ya ɗora a ka. Gyaran wannan ba shi da wuya: a matse taken ya koma wuri ɗaya da tambaya ɗaya. Misali, nawa ne sinadarin kuromiyam a ruwan da ke fita daga kamfanonin jima na Challawa da Sharada a Kano, kuma ina ruwan yake zuwa?

Kuskuren da ya fi wannan illa shi ne zuwa da amsa a aljihu. Tun kafin ɗalibi ya taka ƙauyen, ya riga ya rubuta a zuciyarsa cewa manoma ne ke sare itatuwa, makiyaya ne ke cinye ciyawa, jahilci ne ya jawo. Ku dubi dausayin Haɗejiya da Nguru. Wanda ya je yau zai tarar da ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, kuma cikin sauƙi zai ce mutanen wurin ne suka yi sakaci. Alhali zancen ya faro ne daga can sama: madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992. Da can kogin Haɗejiya da ke shayar da dausayin yana cika da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe, kachala ba ta samun wurin zama. Da aka mayar da shi mai gudu duk shekara, sai ta samu gindin zama. Masuncin Nguru ba a nemi shawararsa ba ranar da aka tsara madatsun, amma shi ke biyan kuɗin. Binciken da bai tambayi wa ya amfana, wa ya yi asara ba, ya bar rabin aikinsa. Saboda haka kafin ka ɗora wa wani laifi, bi ruwan ka ga inda ya fito.

Sai batun lokacin ɗibar samfuri. Na taɓa duba aikin wata ɗaliba da ta ɗebi ruwan rafi sau ɗaya tak, a watan Agusta, ta rubuta cewa ruwan ba shi da matsala. Ruwan sama ne ya sirka shi! A watan Maris, lokacin da masu lambu ke ban ruwan latas da kabeji da shi, ba ta je ba. Robobin ma na lemo ne da aka ɗauraye, babu rana a jiki, babu sunan wuri, biyu sun cakuɗe a bayan babur. Na tausaya mata ƙwarai, don ta sha wahala. A ɗiba da damina, a ɗiba da rani, daga sama da inda gurɓataccen ruwan ke shiga da kuma ƙasa da shi, a mazubi mai tsabta da ɗakin gwaji ya bayar, a rubuta komai nan take tun ana bakin ruwan.

Hotunan tauraron ɗan'adam ma suna ruɗar mutane. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, don haka hoton wata ɗaya ba ya ba da labarin gona. A Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980 manoma ke sassabe suna barin tohon kututture ya girma, har aka farfaɗo da ƙasa mai faɗin kusan hekta miliyan 5, yayin da rahotanni da yawa ke ta maimaita cewa hamada na cinye yankin. Gani ya kori ji: ka taka gonar, ka ƙirga bishiyoyin, ka tambayi mai ita wa ya bar su.

To, wa ake tambaya? Ɗalibi ya zo da takardar tambayoyi da Turanci, ya zauna a zauren mai unguwa, ya cike ta da maza goma, ya koma. Ku tuna gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, a garuruwa irin su Dareta da Bagega. A cikin gidaje ake daka duwatsun zinare ana niƙa su, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Wanda ya tsaya a zaure ba zai ga wannan ba. A fassara tambayoyin da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, a gwada su a kan mutum biyar tukuna, a tafi da mace da za ta shiga cikin gida ta zauna a tabarma da matan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙarshen aikin. An sha ruwan mutane, an ci tuwonsu, an ɗebi ƙasar gonarsu, sai kundin ya ƙare a kan kantar laburare yana shan ƙura. Wani dattijo mai lambu ya taɓa ce mini, "Malam, kowace shekara 'ya'yanku na zuwa da kwalabe, har yau ba wanda ya dawo ya ce mana mu sha ko kar mu sha." Ban samu abin ce masa ba. Tun daga ranar, ba na sa hannu a kundin ɗalibi sai ya rubuta sakamakonsa a shafi ɗaya da Hausa, ya koma garin, ya karanta musu shi bayan sallar La'asar, ya bar kwafi a hannun mai gari, wani kuma a asibitin sha-ka-tafi na wurin.