Makullin difaranshal na tsakiya: kada a manta da shi a kulle a kan kwalta

'Yan uwa masu Prado da Land Cruiser, musamman masu bin hanyar Marwa zuwa Kuseri a Kamaru da damina, ku danna makullin tun kafin ku faɗa taɓo, ba sai mota ta kafe ba. Idan ya kulle, ƙafafun gaba da na baya tare suke juyawa, ɓangare ɗaya ba ya cinye ƙarfin inji.

Amma da kun hau kwalta, don Allah ku buɗe shi. Bara na manta da nawa bayan Waza, ina shan kwana sitiyari ya yi tauri, tayoyi na kuka, mota na neman miƙewa. Abin nan yana cin taya, yana wahalar da farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafu. In kun buɗe shi amma fitilarsa ta dashbod ta ƙi mutuwa, ku ɗan yi ribas a miƙe, zai saki.